Takardar Tara Bayan Karon Mota: A Biya Ko A Tsaya Gaban Alƙali?

'Yan'uwana mata, yau zancen mota za mu yi, kada kuwa wata ta ce wannan ai zancen maza ne, me ya kawo shi filinmu. Gida nawa ne yanzu ba shi da alaƙa da titi? Wata mijinta direba ne, wata ɗanta ke jan A Daidaita Sahu, wata kuwa ita da kanta ta ke tuƙa yara makaranta sa'an nan ta wuce wurin aiki. Ran da tsautsayi ya faɗa aka yi karo, in Allah Ya tsare rai, abin da ya kan biyo mutum gida shi ne wata 'yar takarda da ma'aikacin hanya ya rubuta ya miƙa masa, wai an ci shi tara. Takardar 'yar ƙarama ce, amma ta kan hana gida barci, kuma sau da yawa kuɗin da za a biya daga adashin uwargida za su fito, ko daga akuyarta.

A irin wannan dare a kan sami mashawarta iri biyu. Na farko su ce, "Haba Malam, a biya a huta, wa ya ke ja da hukuma?" Na biyu su ce, "Ko kwabo kada ka bayar, wannan zalunci ne, mu je kotu." Abin mamaki, duka biyun su kan yanke shawara tun ba wanda ya zauna ya karanta takardar ya ga abin da aka rubuta. To, abin da na ke so mu fahimta shi ne, tarar da a ke ci bayan karo ba ɗaya ta ke da tarar da a ke ci ranar da ba abin da ya faru ba. Ranar lafiya, da an biya magana ta ƙare. Bayan karo kuwa akwai mutum na biyu, wanda aka ɓata wa mota ko aka ji wa ciwo, kuma abin da aka yi da takardar nan ya kan taɓa rigimar da ke tsakaninku da shi. Saboda haka kada a biya don tsoro, kada kuma a ƙi biya don zuciya. A auna tukuna.

Mece ce takardar nan?

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, watau FRSC, an kafa ta a 1988, zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, kuma shahararren marubucin nan Wole Soyinka shi ne ya fara shugabantar ta. Dokar da Majalisa ta yi mata a 2007 ta jera laifuffukan hanya, kowane da tararsa. Ga kaɗan daga abin da aka yanka a dokar ta 2007: tuƙin ganganci Naira 50,000, ƙin kai rahoton haɗari Naira 20,000, tuƙi ba lasisi Naira 10,000, amsa waya ana cikin tuƙi Naira 4,000, wuce ƙa'idar gudu Naira 3,000, wuce wata mota inda bai kamata ba Naira 3,000, ƙetare danja Naira 2,000, ƙin ɗaura bel Naira 2,000.

Ba wannan hukuma kaɗai ke aiki bisa titi ba. Akwai 'yan sandan sashen motoci, waɗanda a ke kira MTD, su ne galibi su ke binciken haɗari. Akwai kuma hukumomin jihohi, kamar KAROTA a Kano, wadda aka kafa a 2012, da KASTLEA a Kaduna, kowace da dokarta da jerin tararta. Don haka abu na farko da za a duba a jikin takarda shi ne sunan hukumar da ta bayar, da laifin da aka rubuta, da wa'adin da aka sa don biya. A ƙirga kwanakin wa'adin nan, a rubuta ranar ƙarshe a wurin da ido zai riƙa gani.

Yanzu ga tushen maganar. Takardar nan zargi ce, ba hukunci ba ce. Ma'aikacin da ya rubuta ta ba alƙali ba ne. Sashe na 36 na Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya ce duk wanda a ke tuhuma da laifi, mara laifi ne har sai an tabbatar da laifin a kansa. Takardar Hukumar Kiyaye Haɗurra ƙofa biyu ta ke buɗe wa mutum: in ba ya son a kai shi kotu, ya je ya biya, in kuwa bai yarda ya yi laifin ba, ya bari a kai maganar gaban alƙali. Wanda ya biya ya sallama haƙƙinsa na a saurare shi, da yardarsa.

Kada kuma a ɗauka hukuma ba ta kuskure, ko ba a iya kai ta ƙara. A watan Oktoba na 2024 Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke cewa ma'aikatan VIO na Abuja ba su da ikon tare mota su kama ta ko su ci mai ita tara. Mutum ɗaya ne ya kai ƙarar. Ashe ja da hukuma ta hanyar shari'a ba rashin kunya ba ne, abu ne da doka ta tanada.

Magana uku ce, ba ɗaya ba

Inda a ke ruɗewa shi ne, karo ɗaya ya kan haifi magana uku. Ta farko tsakanin direba da gwamnati, watau tara. Ta biyu tsakanin direba da wanda aka yi wa ɓarna, watau kuɗin gyaran mota da kuɗin asibiti da sauran diyya. Ta uku kuwa, in an yi mummunan rauni ko an rasa rai, ita ce tuhumar babban laifi. Biyan tara ba ya biyan diyya. Yafewar wanda aka buge kuma ba ta goge takardar hukuma da kanta.

Bari mu yi misali. A ce an yi karo a mararraba, aka rubuta wa maigida laifin ƙetare danja, tara Naira 2,000. Ya ga kuɗin ba su taka kara sun karya ba, ya biya da safe, ko da ya ke ya san shi aka ba hannu. Bayan mako guda sai ga mai ɗaya motar da lissafin makaniki, a ce Naira 800,000. Maigida ya ce ai ba ni ke da laifi ba. Me ku ke tsammani wancan zai ce? Zai ce, "In ba ka da laifi, don me ka biya?" Zai faɗi haka gaban 'yan sanda, ya faɗa gaban dattawan sulhu, ya faɗa wa kamfanin inshora. Kun ga ƙaramin biya ya raunana babbar magana.

In kuwa kotu ce ta kama mutum da laifi, abin ya fi haka nauyi. Dokar Shaida ta 2011 ta yarda a kawo hukuncin da aka yi wa mutum a kan laifi, a kafa hujja da shi cikin ƙarar neman diyya. Wannan ya shafi har wanda ya amsa laifi da bakinsa don a sallame shi da wuri. Ku lura da kotun tafi-da-gidanka, wadda a ke kafa wa a bakin titi ƙarƙashin rumfa: kotu ce sosai, majistare ne ke zaune a cikinta, abin da aka amsa a can an amsa ke nan.

Akwai kuma makin laifi, wanda mutane da yawa ba su sani ba. Bisa tsarin Hukumar Kiyaye Haɗurra, kowane laifi da makinsa: tuƙin ganganci maki 10, amsa waya maki 4, wuce ƙa'idar gudu maki 3, ƙin ɗaura bel maki 2. Wanda ya tara maki 10 zuwa 14 a yi masa gargaɗi, 15 zuwa 20 a dakatar da lasisinsa, 21 zuwa sama a janye shi. Ke da mijinki da sitiyari ya ke ciyar da gida, lasisin nan shi ne gonarku.

Inshora ma tana da ta cewa

Doka ta tilasta kowace mota ta kasance da inshorar da za ta biya wanda aka yi wa ɓarna. A watan Janairu na 2023 hukumar kula da inshora ta mai da kuɗin irin wannan inshora na ƙaramar motar gida Naira 15,000 a shekara, daga Naira 5,000, ta kuma ɗaga abin da kamfani zai iya biya kan dukiyar da aka ɓata daga Naira miliyan 1 zuwa Naira miliyan 3. Mutane da yawa su kan sayi takardar don nuna wa ma'aikata a hanya kawai, ba su san ranar karo ce ranar amfaninta ba.

Amma kamfanonin inshora suna da sharaɗi biyu da su kan rubuta cikin yarjejeniya: a sanar da su da wuri, kuma kada a amsa laifi ko a yi alkawarin biya ba tare da yardarsu ba. Wanda ya riga ya sa hannu cewa shi zai gyara, sa'an nan ya je wa kamfani, yana iya tarar da ƙofa a rufe. Saboda haka a sanar da kamfani kafin a biya tara, kafin kuma a zauna sulhu. Uwargida, ki kuma tabbata takardar inshorar da ke cikin motarku ta gaskiya ce, daga kamfani sananne, domin akwai ta jabu, wadda ba ta biyan kowa kome.

Inda biya ya fi

Ba kowace takarda a ke ja da ita ba. In laifin da aka rubuta a fili ya ke, kuma ba shi ne ya jawo karon ba, biya ya fi. Misali, wata mota ta bugi ta maigida ta baya yana tsaye, da ma'aikata suka zo sai suka tarar bai ɗaura bel ba, ko lasisinsa ya ƙare, ko ba abin kashe gobara a motar. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta ce kome ba game da wanda ya bugi wani. Zuwa kotu kan irin wannan ɓata lokaci ne, sai a je neman gira a rasa ido.

Haka kuma in mutum ya san a ransa shi ya yi kuskuren, ya ƙetare danja ko ya shiga hannun da ba nasa ba, to, kada a zuga shi ya je ya yi ƙarya gaban alƙali. Ya sanar da inshora, ya nemi sulhu, ya biya. Haƙƙin mutane ba ya faɗuwa don an iya magana.

In za a biya, a biya ta banki ko ta Remita cikin asusun gwamnati, yadda takardar ta nuna, a karɓi rasidi, a adana. Kada a miƙa wa kowa kuɗi a hannu a bakin titi. Kuɗin hannu ba su da shaida, gobe takardar tana nan daram. Ban da haka ma, ƙoƙarin ba ma'aikaci cin hanci laifi ne mai zaman kansa, tararsa Naira 10,000 a dokar 2007.

Inda ya kamata a tsaya

A yi tunani mai zurfi kafin a biya in laifin da aka rubuta shi ne wanda ke nuna mai laifin karon: tuƙin ganganci, wuce ƙa'idar gudu, ƙetare danja, wuce mota inda bai kamata ba, ko bin hannun da ba naka ba. In mutum ya tabbata bai yi ba, kuma ɓarnar tana da yawa, ko an ji wa wani ciwo, ko lasisin shi ne abincinsa, to, maganar ta cancanci a kai ta gaban alƙali.

A tuna kuma, galibi ma'aikaci ba ya nan sa'ad da aka yi karo. Bayan an yi ya ke zuwa, ya duba motoci, ya ji ta bakin 'yan kallo, sa'an nan ya rubuta. Yana iya dacewa, yana iya kuskure. A kotu wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar da laifi har ba sauran shakka mai ma'ana. Ba wanda a ke tuhuma ne zai tabbatar da cewa bai yi ba.

A duba takardar da kyau. In an rubuta lambar wata mota dabam, ko wata rana, ko wani titi, a nuna wa lauya. Amma kada a dogara ga ɗan kuskuren harafi cikin suna, domin kotu ta kan yarda a gyara irin wannan a ci gaba da shari'a.

Sa'an nan a yi lissafin wahalar. Shari'a tana cin kwanaki, a kan ɗaga ta sau da yawa, kowace rana kuwa maigida bai fita nema ba. Lauya yana da kuɗinsa. In an tsare motar, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta kan karɓi kuɗin ajiya bayan awa 24 na farko, Naira 200 kowace rana bisa dokar 2007, ban da asarar abin da motar ke kawowa. Abin da ya fi duka, wanda ya je kotu ya faɗi ya fi wanda ya biya shan wuya: dokar nan ta ba alƙali iko, kan tuƙin ganganci, ya ci tarar Naira 50,000, ko ya ɗaure mutum har shekara biyu, ko ya haɗa masa duka. Hausawa sun ce shari'a mace ce da ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. Don haka ba a zuwa da zuciya kaɗai, da hujja a ke zuwa.

Hujja a wurin karo a ke samun ta

Shawarar da za a yanke a gida ta dogara ga abin da aka yi cikin rabin sa'ar farko a titi. Da fari dai rai ke gaba da kome. A kai wanda ya ji ciwo asibiti, ko a kira 122, lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin ba da taimakon gaggawa, kuma dokar 2007 ta sa tarar Naira 50,000 kan asibitin da ya ƙi karɓar wanda haɗari ya rutsa da shi. In taron jama'a ya yi zafi har a ke jin tsoron duka, a wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa a kai rahoto, kada a gudu gida.

In hali ya yi, a ɗauki hoto da waya kafin a matsar da motocin: yadda su ke tsaye, inda kowace ta lotse, sawun birki a kwalta, inda gilashi ya zube, danja ko allon hanya in akwai, da lambar ɗaya motar. Gani ya kori ji. A nemi shaidu cikin waɗanda ke zaune a wurin kullum, kamar mai shayi, ko mai faci, ko mai kanti, domin ɗan kallo mai wucewa ba a sake ganinsa. A rubuta sunansu da lambar wayarsu.

'Yan sanda su kan auna wurin su zana taswira, su ce direbobin biyu su sa hannu. A duba zanen nan da kyau kafin a sa hannu, in akwai abin da ba daidai ba a faɗa nan take. Haka nan jawabin da a ke rubutawa a ofis. Sashe na 35 na Tsarin Mulki ya ba wanda aka kama damar ya yi shiru har sai ya gana da lauya ko wani wanda ya zaɓa. Wanda ba ya karanta Turanci kada ya dangwala hannu sai an karanta masa an fassara.

Ya kamata mu san 'yan ƙa'idodin da a ke auna laifi da su. Tun 1972 Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mai shiga shataletale shi ke jiran wanda ke ciki, watau mai zuwa ta hagunsa. Ƙaramar motar gida ba ta wuce kilomita 50 a sa'a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya. Wanda ya bugi mota ta baya galibi shi a ke ɗora wa laifi, domin an ce kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa. In aka gwada abin da ya faru da waɗannan ƙa'idodi, sau da yawa tun a tsakar gida za a gane ko akwai abin tsayawa a kai.

Ga wani abu da ya shafi tarbiyyarmu. Mu mutane ne masu cewa sannu, kuma haka ya kamata. A yi wa wanda ya ji ciwo sannu, a kai shi asibiti, a je dubiya, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Amma "sannu" dabam, "laifina ne" dabam. Mutum a gigice ya kan ɗauki laifin da ba nasa ba don a zauna lafiya, magana kuwa zarar bunu ce.

Ke mai tuƙi

'Yar'uwa, in ke ce bisa sitiyari, ki san da an yi karo za a taru a kanki, kuma ba za a rasa mai cewa "ai mace ce" tun bai ga yadda aka yi ba. Kunya da son a bar wurin da sauri su kan sa mace ta yarda da duk abin da aka ce, ta sa hannu, ta yi alkawarin gyara. Ki natsu. Ki kira maigida ko wani ɗan'uwa, ki ɗauki hotunanki, ki amsa tambaya da ladabi, kada ki yi cacar baki da ma'aikaci. Ki karɓi takardar in an ba ki, karɓa ba amsa laifi ba ce. Doka ba ta ware wa mace wani laifi dabam ba, kuma tsayawa gaban majistare kan maganar mota ba abin kunya ba ne ga matar aure. Abin takaici shi ne ki sayar da sarƙarki ki gyara motar wanda ya buge ki.

Abin da za a tarar a kotu

Tsoron kotu yawancinsa rashin sani ne. Ga yadda a ke yi. A karanta wa mutum tuhuma, a tambaye shi ya amsa ko bai amsa ba. In bai gane ba ya ce bai gane ba. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta in ba ya jin harshen da a ke shari'a da shi, ya kuma ba shi isasshen lokaci na shirya kariyarsa, da damar ɗaukar lauya ko kare kansa da kansa. In ya ce bai amsa ba, ya nemi beli, a sa rana. Masu ƙara su kawo shaidunsu, shi ko lauyansa ya yi musu tambayoyi, sa'an nan ya kawo nasa shaidun da hotunansa. In hukunci bai gamshe shi ba yana iya ɗaukaka ƙara zuwa Babbar Kotu, amma kwanakin yin haka ƙidayayyu ne, ba a jinkiri.

Abin da ba a yi shi ne a jefa takarda cikin akwati a ce ba za a biya ba, ba za a je ba. Wannan ba ja ba ne, sakaci ne. Wa'adi zai wuce, sammaci ya zo, wanda ya ƙi amsa sammaci kuwa a kan ba da takardar kama shi. Wanda ya zaɓi kotu ya je ofishin da ya ba shi takardar cikin wa'adi, ya shaida musu a rubuce cewa bai yarda da laifin ba, ya riƙe kwafi.

In ba halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta gwamnatin tarayya, wadda aka kafa a 1976 don marasa ƙarfi, tana da ofisoshi a jihohi. Ko mai hali ma, zama ɗaya da lauya don neman shawara ya fi sauƙi bisa ga gyaran kuskuren da aka riga aka yi.

In kuwa an rasa rai, to, an wuce zancen 'yar takarda. Dokar 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai ga wanda ya jawo mutuwa ta tuƙin ganganci. Nan lauya tilas ne tun ranar farko. Dattawan gida su je gaisuwa yadda ya kamata, amma maganar laifi da ta diyya a bar ta sai an sami shawara.

Sulhu a rubuce

Yawancin ƙananan karo da sulhu su ke ƙarewa, kuma sulhu alheri ne. Sai dai a yi shi a rubuce: wa zai gyara me, nawa ne kuɗin, yaushe za a biya, da cewa bayan wannan ba sauran wata magana. Duka biyu su sa hannu gaban shaidu, in da hali gaban mai unguwa, kowa ya riƙe tasa. A kai kwafi wurin 'yan sandan da ke riƙe da maganar. Sulhun baki ya kan tashi bayan wata guda, ran da makaniki ya gano wata sabuwar ɓarna. A tuna kuma takardar tara tana nan tana jiran amsa ko da an yi sulhu.

Aikinmu a cikin gida

Uwargida, ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yau ki nemi ambulan ko gwangwani mai murfi, ki tara kwafin lasisi da takardun mota da na inshora, ki rubuta ranar da kowace za ta ƙare, ki riƙa tuna wa maigida. Ran da abu ya faru, ki zama mai sanyaya zuciya, kada ki zama mai zuga, kada kuma ki yi gaggawar kwashe adashinki tun ba a san me a ke biya ba.

Ku kuma 'yan makaranta, takardun nan da Turanci a ke rubuta su, wani laifin ma da haruffa uku kawai. In Baba ya miƙo miki ya ce karanta, ki karanta duka, ciki da baya, har ƙananan rubutun ƙasa. Ki fassara abin da ke ciki daidai, kada ki rage don kada ransa ya ɓaci, kada ki yi cika-baki kan kalmar da ba ki sani ba. Ki rubuta kalmar, ki tambayi malamarki da safe. Wannan ma amfanin ilmi ne.

In an zauna shawara, a yi tambaya huɗu. Shin an yi laifin da aka rubuta, tsakani da Allah? Shin laifin nan shi ke nuna wanda ya jawo karon? Shin akwai mai neman diyya, ko ciwo, ko lasisin da a ke ci da shi? Shin muna da hoto da shaidu? In an yi laifin, a biya. In ba a yi ba, amma ba abin da ke rataye da shi sai 'yan kuɗin tara, mai shi ya auna ko ya cancanci kwanakinsa. In kuwa ba a yi ba, ga babbar magana a bayansa, ga kuma hujja a hannu, to, a ga lauya, a tsaya.

Allah Ya kiyashe mu da tsautsayin hanya, Ya dawo mana da matafiyanmu lafiya. Sai mako mai zuwa.